Maganin da Tela Ya Ɓoye Cikin Maɓallai

Nas tana cikin warware bandejin ƙafar Tela sai matarsa ta dire gwangwanin maɓallai a teburin likita, ta buɗe. Ga maganin nan fari tas kwance cikin maɓallan riga, ko ɗaya bai sha ba.

"Likita, tambaye shi da kanki. Ni bakina ya gaji."

Tela ya sunkuyar da kai yana kallon babban yatsan ƙafarsa da ya soma baƙi. Da ƙafar nan yake taka keken ɗinki tun yana saurayi. Ga ciwon suga, ga gyambo, kuma an riga an gaya masa: in cutar ta kai ƙashi, sai an yanke ƙafar.

"Baba, me ya sa?" in ji likita.

"'Yata, wallahi ba taurin kai ba ne, tunani na yi. Wannan baiwar Allah," ya nuna nas, "ta ce gyambo ba ya cikowa sai ƙwayoyin naman jikina sun yi ta rabuwa biyu, kuma kafin kowace ta rabu sai ta kwafi wani zare da ke cikinta. Me ma sunansa?"

"DNA," in ji nas.

"Shi. Ke kuma likita kika ce aikin maganin nan hana kwafar zaren. To ni da nake son nama ya ciko, in sha abin da zai tsayar da aikin?"

Matarsa ta tafa hannu. "Kun ji ko? Muna zaune da farfesa a gida ba mu sani ba!"

Likita ba ta yi dariya ba. Ta jawo jakarta, ta zuge zif a hankali.

"Zaren kamar wannan yake, Baba. Ya buɗe, kowane ɓari a ɗinka masa sabon ɗan'uwa, ɗaya ya zama biyu. Haka naka ke yi, haka na ƙwayar cutar ke yi."

"To kin gani!"

"Tsaya mana. Nata zobe ne guda, daga wuri ɗaya take farawa ta zagaye shi. Naka dogaye ne, ana fara kwafarsu ta wurare da yawa lokaci ɗaya. Kuma in ana buɗe zaren yakan murɗe ta gaba, sai wani sinadari ya warware. Nata mai warwarewar daban, naka daban. Nata ɗin ne maganin ke riƙewa."

Kan Tela ya ƙara ɗaurewa. Duk zamansa a shago bai taɓa ganin zif marar kai da gindi ba. Ya dubi jakar, ya dubi yatsan.

"Duk a cikin nan ake wannan ɗinki?"

"Har cikin kunnenka."

Ya shafa kunnen, bai ji motsin komai ba.

"To shi maganin wa ya nuna masa? Ido gare shi? Ni da tabarau ma nakan ɗauko baƙin zare ina neman shuɗi."

Likita ta ajiye jakar. Ta durƙusa ta matsa yatsan da ƙarfi. Tela bai ji ba, sai da ya ga hannunta a kai. Matarsa ta gani ita ma, ta daina yi masa tsiya.

"Gado za mu ba ka yau," in ji likita. Ta zare biro ta ja layi a fatarsa, daidai inda baƙin ya tsaya. "In ya haye nan, Baba, bayani ya ƙare."

Nas ta miƙo masa sabon magani da kofin ruwa. Tela ya juya shi a tafin hannu, yana neman ko alama ɗaya ta wayo a jikinsa. Babu. Ya kalli layin biron, ya kalli matarsa da ta kau da kai tana share ido da gefen gyale.

Ya kai maganin kusa da bakinsa, ya rage murya.

"Mai zoben aka ce. Dogayen nawa ne, kar ka taɓa."

Ya haɗiye.