Goron Suna

Likita a Gusau ya auna jinin Malam Bawa, ya ce ko ya bar goro ko goro ya kwantar da shi. Bawa ya dawo gida ya rantse a gaban matarsa Dije cewa daga yau ba zai ƙara saye ba, ba zai roƙa ba. Dije ta kwance ƙunshin da ke aljihunsa ta ba maƙwabta.

Kwana tara ya yi yana hamma a ofis, yana tauna murfin biro. Ran na goma aka yi suna a layinsu, uban jaririn ya miƙo masa goro biyu farare. Bawa ya tsaya. Bai saya ba, bai roƙa ba, kuma mayar da goron suna wulaƙanci ne ga mai gida. Ya karɓa don zumunci.

Daga nan zumunci ya kama shi. Duk inda aka haihu, ko ya san uban ko bai sani ba, da asuba yana kan tabarma. Wanke, Wonaka, Bungudu, babur bai huta ba. Ayuba, abokin aikinsa, har tambayarsa ya yi ko in matarsa Rut ta haihu ya tanadi goro, tunda su a coci ba sa rabawa. Bawa ya ce masa ya tanada, ba laifi.

Dije kuwa haƙoransa kawai take kallo in yana dariya. Abin da Bawa ya manta, mata ne ke fara jin labarin haihuwa.

Wata Asabar ya tafi har Tsafe, sunan jikan wani da suka taɓa gaisawa a tasha. Aka yi addu'a, aka shafa, faranti ya zagayo. Da ya iso kansa sai mai gidan ya janye, ya zaro alewa guda daga aljihu.

"Malam Bawa ko? Hajiya Dije ta aiko tun shekaranjiya. Ta ce wagga ita ce taka."

Mutane suka bi shi da Allah ya ƙara lafiya. Ya tsotsi alewar a gabansu har ta ƙare, na kusa da shi yana ɓara goro ƙas-ƙas.

Da ya dawo, Dije ta tambaye shi sunan jaririn. Bai sani ba. Ta ce jibi akwai wani a Bungudu, ta riga ta aika. Bawa ya ce hanya ta lalace, a gaishe su.