Uban Amarya a Kan Keken Morag

Lachlan ya fito daga motar maƙwabcinsa Dougal yana dogara sanda, ya tsaya yana kallon babbar motar da ta kife a tsakiyar hanya. Buhunan abincin kifi sun watse har cikin rami. Direban bai ji ciwo ba, yana gefe yana waya, ya ce masu janye motar ba za su iso ba sai yamma.

Hanya ɗaya ce a tsibirin, jirgin ruwa ma ɗaya ne ranar Asabar, kuma da tsakar rana yake tashi. A can hayin ruwa Ishbel, 'yarsa tilo, tana jiran ya riƙo hannunta ya shigar da ita coci, yau ake ɗaura mata aure.

Dougal ya ce su koma gida kawai, shi zai kira yarinyar ya yi mata bayani, ai kawunta na nan zai tsaya mata. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye bara, haka kowa ke yi masa, a yanke abin da zai iya tun ba a tambaye shi ba. Ya raɓa ta gefen motar, yana taka buhuna, har ya ɓulla ɗaya ɓangaren.

Duk mai mota a nan ya riga ya wuce tashar jirgi, biki za su. Sai kantin Morag, da kekenta na kai burodi jingine a bango, keken mata mai kwando a gaba.

“Morag, ara min keken nan.”

Ta dube shi daga takalmi har wuya. Ya sha ado: baƙar kwat mai maɓallan azurfa, doguwar safa, da kilt na gidansu, wato siket ɗin maza na gargajiya, kore da shuɗi, ninkinsa a goge tsaf, ya tsaya daidai gwiwa.

“Da wannan iskar? Lachlan, ka ji tausayin idanun mutane mana.”

“Wanda ya kalla, shi ya so.”

“Ƙafar fa?”

“Ita ma an gayyace ta bikin.”

Morag ta kwashe burodin daga kwandon, ta gicciya masa sandarsa a ciki, ta riƙe sirdin har ya hau. Ya tattaro kilt ɗin ya zauna a kan bayansa, ya cusa gaban tsakanin cinyoyi, ya juya jakar fatar da ke rataye a gabansa zuwa ƙugu. Da ta saki, keken ya yi hagu, ya yi dama, ya nufi rami. Morag ta rufe ido. Da ta buɗe, sai bayansa ta hango.

Da ƙuruciyarsa a kan keke yake raba wasiƙu a hanyar nan, amma jikin da ya yi wancan aikin ba shi ne wannan ba. Ƙafar hagu ta yi ta zamewa daga feda. Can ya gano dabarar: dama ta tura, hagu ta bi kawai, kada a nemi fiye da haka a wurinta. Tumaki suka ɗago kai suna kallonsa yana wucewa.

Hawan tudun ne ya kusa kayar da shi. Ƙirjinsa na bugawa har cikin kunne, gumi na bin wuyan farar rigarsa. Ya tuna ranar da ya faɗi a kicin, yana jin komai amma bakinsa ya ƙi motsi, sai tsoro ya kama shi sosai. In ya faɗi a nan, babu mai gani. Ya sauka, ya tura keken yana jan ƙafa, yana zagin tudun da sunansa, har ya kai ƙoli.

Daga nan ya hango jirgin, motoci duk sun shige, hayaƙi na tashi. Ya sake hawa, ya saki keken a gangare.

Nan iskar teku ta same shi. Ta fizge gaban kilt ɗin ta watsa masa a ƙirji. Hannun hagu ba zai riƙe kan keke shi kaɗai ba, na dama kuwa yana kan birki. Lachlan ya auna mutuncinsa, ya auna jirgin, ya bar wa iska abinta.

Matar limamin coci ce ta fara ganinsa daga saman jirgin, ta dafe baki. Nan da nan 'yan biki suka cika ƙarfen jingina, ana nuni, ana ihu, ana kiran sunansa. Mai busan bikin ya zaro algaitarsa ya sa a baki. Torquil, mai ɗaga gadar da motoci ke hawa su shiga jirgin, ya riga ya ɗora hannu a kan maɓalli, ya janye. Keken ya gangaro, ya hau gadar da ƙara, ya tsaya daf da motar ƙarshe.

“Shekara da shekaru ana tambayar abin da ke ƙasan kilt,” in ji Torquil yana tare shi. “Yau dai ka ba duk tsibirin amsa.”

Lachlan ya so ya rama, numfashi ya hana shi. Aka zaunar da shi, wani ya miƙo masa shayi mai zafi, wata tana goge masa baƙin mai daga safa. Ƙanin marigayiyar matarsa ya tura masa waya a kunne. Ishbel ce, muryarta duk kuka, Dougal ya riga ya gaya mata ba zai zo ba.

“Baba, kana ina?”

“Ina cikin jirgi.”

“Wa ya kawo ka?”

“Ni na kawo kaina. Je ki gyara fuskarki.”

Da jirgin ya doshi hayi, surukin ya ce akwai wuri a motarsa, Torquil kuma ya ce zai mayar wa Morag kekenta da yamma. Lachlan ya leƙa ta taga. Cocin na can saman gari, titin ya miƙe tsakanin shaguna, cike da masu cin kasuwar Asabar. Ya ƙarasa shayinsa, ya miƙe, ya gyara ninkin kilt ɗinsa.

“Bar min keken tukuna,” ya ce. “Ku yi gaba, ku ce mata ina tafe.”