Butar da Aka Kife

Ɗantala ya ɗauki ɗan mitsitsin shebur da matsefata, ya shafa masa gam, ya manna shi a jikin tankar.

Tankar yaƙi ce ta wasa, ba ta fi kwanon tuwo girma ba. Alhaji Nagoggo ɗan fatauci ya sayo ta a Ikko. A shekarun nan kuɗin fetur ya shigo, ba abin da mutane ba su saye. Batir ake sa mata, a tsaya daga nesa da wani ɗan akwati mai eriya, sai ka gan ta tana tafiya kamar kunkuru. Kayan jikinta kuwa a leda suka zo, jarkoki da igiya da tamfol, sai an liƙa.

"Kai da ka yi soja kai ka san mazauninsu," in ji Alhaji, ya aje ya wuce Maraɗi.

Ɗantala maƙerin fitilun gwangwani ne a bakin shingen kwastan na Jibiya. Kafin nan ya tuƙa motar sulke a yaƙin basasa, shi da abokinsa Rabe. Shi ya dawo, Rabe bai dawo ba.

Daura da rumfarsa Inna Barira, mahaifiyar Rabe, take zama da farantin gyaɗa. Ba don ciniki take zama ba. Duk motar da ta taso daga Katsina sai ta bi masu sauka da ido. Ranar da Ɗantala ya kai mata labari, cewa ta yi, "Na ji," ta ci gaba da tankaɗe. Rabe ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta zauna tambayar yadda aka yi. Shi ma Ɗantala nauyinta ya hana shi ƙara komai. To, ba ta bari an yi sadaka ba. Sakinatu matar Rabe kuma na nan a ɗaki shekara da shekaru, ta ce ba ta fita sai Inna ta sallame ta.

Da kayan ledar suka ƙare, Ɗantala ya duba tankar ya ga ba ta yi kama da wadda mutane suka zauna a ciki ba. Sai ya yanki gwangwanin madara, ya hura gawayi, ya narka dalma. Ya ƙera 'yan butoci uku, kowace kamar ƙwayar gyaɗa. Biyu ya rataye su daidai. Ta ukun, bai ma san ya yi ba, ya ɗaure ta a kife.

"Ɗantala, girma ya zo ka koma wasan yara?"

Inna Barira ce tsaye a kansa, ta kawo masa gyaɗa.

"Aikin Alhaji ne, Inna."

"Irin wagga kuka shiga?"

"Tamu mai taya ce. Amma kusan haka take."

Ta durƙusa a hankali, tana dafa gwiwa. Ta daɗe tana dubawa. Wannan ai abin wasa ne, ba kunya a tambayi abin wasa.

"Mutum nawa take ci?"

"Uku. Ni a nan ƙasa, wani mutumin Gusau a tsakiya." Ya ɗora yatsa a kan murfin sama. "Na ukun a nan."

"Ka yi kuskure, ga buta ɗaya a kife."

"Haka muka rataye ta har aka gama yaƙi. Ba wanda ya ƙara alwala da ita."

"Don mi?"

"Da ita aka yi wa mai ita wanka."

Wata babbar mota ta tsaya a shinge, mutane suna ta sauka. Inna Barira ba ta waiwaya ba.

"An yi mishi wanka," ta ce, kamar mai ɗanɗana maganar. "Ni ce mini aka yi a rami guda ake zuba su, da takalmansu."

"Ni na yi mishi da hannuna, Inna. Limamin rundunarmu ya ba da rawaninsa aka yi likkafani. Muka sallace shi, muka sa shi yana duban gabas, ƙarƙashin wani icen mangwaro."

"Akwai inuwa ke nan."

"Akwai."

Ta kai ɗan yatsa ta taɓa butar, ta bar ta yadda take. Sannan ta miƙe, ta juye sauran gyaɗar duka a kan tabarmarsa, ta kife farantin a ka.

"Gobe ka turo mini Luba matarka ta taya mu dakan gumbar sadaka. Yarinyar nan Sakinatu ba ta iyawa ita kaɗai, ga ta da shirin tafiya gida."

Ta kama hanyar cikin gari tun rana ba ta yi sanyi ba, motar yamma ma ba ta iso ba.