Karen Baba Shitu

"Ku rufe shi da duka kawai, ya haukace!"

Muryar Muntari Jummai ta fara ji tun kafin ɗan acaɓa ya gama sauke mata ƙunshin kayanta a bakin lungunsu na Lausu. Daga Durba take, inda ta je zaman jegon 'yarta. Ta tarar maza sun kewaye kwata, wani da taɓarya, wani da ƙotar fartanya. A tsakiyarsu Duna ne kwance cikin taɓo, baƙin karen maƙwabcinta Baba Shitu. Haƙarƙarinsa duk sun fito, bayansa ya ɓaci da gudawa, ƙudaje sun yanyame shi.

Ta yar da ƙunshin ta kutsa.

"Me ya yi muku?"

"Yaya Jummai, matsa," in ji Muntari. Ɗan ƙanen Baba Shitu ne, gidansa na kallon na tsohon, shi ne ma yake noma gonarsa. "Karen nan ya hana mu sakat da kuka, ga shi yana bin lungu yana ɓata mana ƙofofi. Sai ya ciji yaron wani?"

"Wa ya ciza?"

Mazan suka hau kallon juna.

Wani saurayi mai doguwar riga ruwan ƙasa ya fito daga garken Muntari yana goge hannu. Tajuddeen ne, ma'aikacin dabbobi daga Rano, ya zo yi wa shanun huɗa allura. Jummai ta tare shi.

"Likita, don Allah duba min karen nan kafin su kashe shi."

Aka yi dariya. Wani ya ce yau ga likitan kare. Tajuddeen bai kula su ba. Ya sa safar hannu, ya tsuguna, ya ce a kawo ruwa. Da babu wanda ya motsa, Jummai ta tsinci fasasshen kasko ta ɗebo a randar zaurenta. Duna ya ɗaga kai da ƙyar ya hau lasa.

"Ba alamar hauka a nan, Inna. Ba ya dalalar da miyau, ba ya kai cizo, ga shi ya san mutane." Ya kama fatar wuyan karen ya ja sama, ya saki. Fatar ta tsaya a tsaye kamar tsumma. "Kin gani? Ruwan jikinsa ya ƙare." Ya ɗaga leɓen, dasashi fari fat, a bushe. Ya latsa cikin a hankali, karen ya yi nishi. Sannan ya ɗauki kara ya tona kashin da ke gefe, mutane suka toshe hanci suna ja da baya.

"Gudawar kare iri-iri ce," ya ce, yana magana da Jummai ita kaɗai. "Akwai ta tsutsar ciki, akwai muguwar nan mai jini da ke kwashe 'yan kwikwiyo, akwai ta guba. Wannan tsohon kare ne, kuma dubi abin da ke fitowa. Ga leda, ga gashin mushen kaza, ga tsutsa ma. Bola yake ci. Kare mai uban gida ba ya cin leda sai yunwa ta kai shi maƙura." Ya ɗago. "Wa yake ba shi abinci?"

"Mai shi mana," in ji Muntari.

"To mai shi ya daɗe bai ba shi ba. Yana ina?"

Jummai ta dubi ƙofar Baba Shitu. Asabari a sake, ciyawar damina ta tsiro a kan dakalin da yake zama yana tufka igiya. Ta bi fuskokin mazan ɗaya bayan ɗaya.

"Yaushe rabon ku da ganinsa?"

Wani ya ce kamar ran Juma'a. Wani ya ce a'a, Juma'ar da ta wuce waccan. Muntari ya ce ai Baba ya saba shiga daji.

Ba ta tsaya jin sauran ba.

Baba Shitu maharbi ne a da, tun lokacin da duwatsun Rurum ke da namun daji. Matarsa ta rasu, ba su bar ɗa ba, sai shi da karensa a gida mai ɗaki ɗaya da rumbu. Shekara da shekaru Jummai ke miƙa masa tuwo ta kan katanga, shi kuma ya raba biyu, rabi nasa rabi na Duna. Ranar da za ta tafi Durba, har gida ta je ta ce da Saudat, matar Muntari, ga amanar Baba nan. Saudat ta ce haba Yaya, ai ubanmu ne.

Wari ne ya fara tarbar ta a tsakar gida. A ƙofar ɗaki ta same shi, rabin jikinsa a ciki rabi a waje, kwance a kan ɓarin jikinsa da ya shanye. Bakinsa ya karkace. Tulu na can kife, da alama ya jawo shi ya sha abin da ya samu har ya ƙare. Ƙasar da ke gefensa ta lotsa, ta yi santsi, ga baƙin gashi a manne. Nan karen yake dawowa ya kwanta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Baba! Baba Shitu!"

Ido ɗaya ya buɗe. Leɓunansa sun tsage. Ta cire mayafinta ta rufe masa jiki kafin maza su shigo, ta jiƙa bakin zanenta tana ɗiga masa ruwa.

"Jummai," ya ce, harshen na sarƙewa. "Kin dawo."

"Na dawo, Baba."

"Na yi ta kira." Ya huta. "Duna... ya ci?"

Tajuddeen ne, da ya biyo ta, ya durƙusa ya ce, "Zai ci, Baba. Na duba shi."

Sai a lokacin Muntari ya leƙo, ya tsaya daga bakin zaure yana tattare riga.

"Shigo mana!" Jummai ta daka masa tsawa. "Shigo ka ga ubanka!"

"Yaya, kin san ni da alwala ba na shiga gidan kare."

"Alwala! Gonarsa da kake shiga kullum, karen nan bai taɓa taka ta ba? Da ɓarayi suka zo kwance maka shanu bara, wa ya tashe ka? A lokacin ba najasa ba ne?" Ta juya ga sauran mazan. "Yana kuka a ƙofarku yana kiran ku, kuna jifan sa. Dabba ta yi iyakar abin da za ta iya, ku masu hankali ko leƙe!"

Saudat ta ce daga bayan mijinta, wallahi ta aiko da tuwo, an ajiye a zaure.

"Sau nawa?"

Saudat ta ja mayafi ta rufe fuska.

Tajuddeen ya ce wannan ba aikinsa ba ne, asibiti za a kai shi yanzu yanzu, ya hau waya ya kira mai a-kori-kura. Kafin motar ta iso ya koma wurin karen. Ya yi masa allura, ya dama gishiri da sukari a ruwa, ya nuna wa Jummai yadda za ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada ta bari ya kwankwaɗa ya amayar. In cikin ya lafa, ruwan shinkafa, sannan farar shinkafa ba mai ba yaji. Maganin tsutsa sai ya ɗan yi ƙarfi. Kada kowa ya ba shi ƙwayar maganin mutane. In ta ga jini, ko ya daina shan ruwa, ta kira shi. Ta wanke hannu da sabulu duk ta taɓa shi.

Tana ji tana gyaɗa kai. Baƙo daga Rano ya tsuguna a taɓo ya tona kashin kare har ya gano mutum na mutuwa, su kuwa da suke lungu ɗaya da shi ba su gano ba.

Ita ta zauna a bayan motar, kansa a kan cinyarta, har Rano. Ma'aikatan asibiti sun yi abin da za su iya. Sun sha wuya kafin su sami jijiya su ɗaura ruwa. Wata ma'aikaciya ta tambaye ta a hankali, "Hajiya, ba kowa ne a gidan?" Jummai ta ce, "Unguwa guda ce." Washegari da hantsi, tana shafa masa man kaɗanya a leɓe, numfashin ya tsaya.

Jana'izarsa ta cika. Mutanen da ba su taka zaurensa ba tun rasuwar matarsa, duk sun zo, sun yi sahu har bakin kwata. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Muntari. Jummai na wucewa da kwanon ruwan shinkafa ta ji shi yana karɓar gaisuwa.

"Ai uba na rasa. Ciwo ne na farat ɗaya, a hannunmu ya cika."

Ta tsaya cak. Ta san ba a yi wa mace magana a zaman makoki na maza, ta kuma san za a daɗe ana faɗa. Ta juyo.

"Muntari, a hannun wa?"

Liman ya ce, "Jummai, a yi haƙuri, kwana ne ya ƙare."

"Malam, na yarda kwana ya ƙare. Ƙishirwar fa? Ita ma sai da ita?" Ta dubi masu jan carbi. "Ku yi masa addu'a, yana so. Amma kada wanda ya ce a gabana ya yi jinyarsa. Kare ne ya yi jinyarsa."

Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce a yi salati. Ta wuce.

Duna bai mutu ba. Ta ɗauke shi a buhu ta kai bayan ɗakin girkinta, tana ɗura masa ruwan da ludayi. Da farko yana sha yana zubarwa. Sannu a hankali gudawar ta tsaya, ya fara tsintar shinkafa, idanunsa suka daina zurmawa. Tajuddeen ya biyo ranar kasuwa ya ja fatar wuyan, ta koma da kanta. Ya ba shi maganin tsutsa, ya ce ya tsallake.

Ran sadakar bakwai da la'asar ta fito da kwanonsa ba ta gan shi ba. Ta leƙa lungu. Muntari ya cire asabarin gidan tsohon, ya sa ƙyauren langa-langa da sabon kwaɗo. Duna na kwance a gindin ƙyauren, hancinsa a tsagar da ke ƙasa.

Ta kira shi, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, bai tashi ba. Hadari ya haɗo daga gabas, an fara yayyafi, masu zaman makoki na naɗe tabarmi da sauri. Jummai ta koma gida ta jawo wata tsohuwar zana, ta jingina ta da katanga ta yi masa inuwa. Ta tura kwanon ciki, ta tsuguna a gefe, ruwa na ɗiga daga bakin zanar a kan ƙafafunta. Can sai ya juyo da kai ya fara ci.