Na'urar da Ba Ta Mayar da Faifai

Kafin Akawu ya sayi na'urar kunna faifai, sai da ya bi layinsu yana tambayar waɗanda suka riga shi saye. Mutum ne mai taka-tsantsan. Faifan da zai saka guda ɗaya ne a duniya: hoto da muryar mahaifinsa marigayi, yana sa wa 'ya'yansa albarka ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya yi wa matarsa magana. Ita ce Inna, wadda idonta ya tafi, kunne ya rage mata.

Mai aski yana cikin yi masa aski ya shafa kan tasa na'urar, baƙa, marar nauyi kamar kwalin takalmi.

"Yallaɓai, saya kawai. Ga araha, ga biyayya. Tunda na kawo ta ba ta taɓa yin shiru ba."

"Waƙar nan kuwa ba ita nake ji kullum ba?"

"Ita nake so," in ji mai aski, ya juya wa Akawu kai da ƙarfi.

Tela ma ya yaba. Ya ce fim ɗaya suke kallo shi da iyalinsa, har sun haddace, don fim mai kyau ba ya tsufa. Bai ɗago daga keken ɗinki ba sa'adda yake faɗa. A layin nan ba a taɓa jin wanda ya kushe abin da ya sayo da hannunsa ba.

Akawu ya sayo, ya jona da talabijin a ɗakin Inna. Bakin na'urar ya zuro, ya karɓi faifan, ya koma. Wani ƙara ya biyo baya, siriri, kamar ana wasa wuƙa. Sai ga muryar Baba, da tarinsa da komai.

Inna ta gyara zama, ta ja mayafi.

"Sannu da zuwa," ta ce wa talabijin.

Da aka gama, Akawu ya danna maɓallin buɗewa. Na'urar ta yi tsaki, ba ta buɗe ba. Ya danna na rimot. Ya cire wuta ya mayar. Ta sake kunna Baba daga farko.

Inna ta mai da shi abin kowace safiya. Ba a daɗe ba Baba ya fara tuntuɓe. Albarkar Yaya Babba ce ta fara tafiya: Baba ya buɗe baki, ya daskare, ya tsallake. Bayan ita ta Akawu ta bi. Baba ya kira shi, ya ce "Allah ya", bai ƙarasa ba.

Akawu ya ɗauko mai gyara. Mutumin ya kara kunne a jikin na'urar, ya saurara kamar likita.

"Irin wannan ce? Ai ba ta karatu sai da haƙori. Duk juyi sai ta kankare kaɗan. Tana ci daga farko, tana tafiya."

"To a fitar da shi, a kwafa."

"Sai na tafi da ita shago na fasa. Wani faifan ya fito lafiya, wani ya fito biyu. Ban yi maka alkawari ba."

"Wa za a fasa?" in ji Inna daga kan gado.

"Na'urar ce, Inna. Don a ceci..."

"Sau ɗaya aka fitar min da shi daga ɗakin nan, ba a dawo da shi ba. Kai kuma mai gyara, gaida gida."

Mai gyara ya tattara sukundirebansa. A bakin ƙofa ya rage murya.

"Me ke ƙarshen faifan?"

"Maganarsa da ita."

"To a rage kunnawa."

Da safe Inna ta lalubo rimot da kanta. Ta riga ta gane maɓallin da yatsa. Akawu yana tsaye yana ɗaura agogo ya ji Baba ya tsallake Auta gaba ɗaya. Bayan Auta babu kowa sai Inna.

A ƙofar gida ya ci karo da sabon maƙwabcinsa, direba, yana goge gilashin mota.

"Maƙwabci, an ce ka sayi na'urar nan mai araha. Faifan bikinmu nake so in nuna wa yara. Yaya take?"

Ta tagar Inna ƙaran nan yana fitowa, siriri. A tsallaken titi mai aski ya tsayar da almakashi yana kallonsu.

Akawu ya gyara wuyan rigarsa.

"Ba ta taɓa yin shiru ba," ya ce.