Gwajin Wayar da Aka Ƙwace

Tun kafin Amatullah ta sauke tukunyar koko wayarta ta fara ruri, kuma ba sai ta duba ba ta san Yahuza ne. Taubashinta ne, ɗan kawunta na Faskari, mutumin da in abu ya dame shi sai ya tabbatar ya dami kowa. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya hau faɗa. Wai Rariyarta, wannan tsarin nata na kwamfuta, ta sake riƙe masa kaya, tun jiya yake turawa tana nuna masa ja, ga dattawa sun sa shi gaba. Ta ce masa ya bari ta sha koko tukuna, tunda shi ba a koya masa ina kwana ba.

Amatullah malamar kwamfuta ce a wata sakandare a Kankara, amma asalinta 'yar Damari ce, can ƙasar Sabuwa. Da hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, ita ta fara haɗa wata 'yar manhaja ta waya wadda manomi zai duba kafin ya fita. In wani ya ga an tare hanya ko ya hangi babura a bakin daji, sai ya danna, kowa ya sani. Yahuza ya yi wa mutanen Faskari irinta, wani Salahuddeen ya yi ta Kankara. Kowa da tasa, don kowane yanki da hanyoyinsa. Abin da ya haɗa su shi ne Rariya, wani tsari da ta rubuta ta ajiye a intanet suna ara. Duk wanda ya yi gyara a manhajarsa sai ya tura wa Rariya. Ita za ta gwada aikin, in ta ga lafiya ta nuna kore, ta ƙunshe shi, ta buga masa hatimi, ta ajiye inda masu cajin waya na kasuwa za su sauke su riƙa tura wa mutane. In ta nuna ja kuwa, ko ɗan sarki ne sai ya koma ya gyara. Kamar injin niƙan unguwa take, kowa ya kawo hatsinsa, ba sai kowane gida ya sayi inji ba.

A cikin gwaje-gwajen akwai guda ɗaya da Amatullah ta kira gwajin wayar da aka ƙwace. Na'urar takan mai da kanta ɗan fashi, ta buɗe manhajar ta bi lungu da saƙo tana neman sunan mutum, ko lambarsa, ko wani abu da zai nuna wanda ya kawo labari. In ta samu ko ɗaya, aiki ya faɗi. Ba a littafi ta karanto wannan ba. An taɓa tare motarsu a hanyar gida, ta ga da idonta yadda ake karɓe wayoyi ana bin su ɗaya bayan ɗaya, ta kuma ga dattijon da aka sauke saboda abin da aka gani a tasa. Motar ta tafi ba shi.

To, abin da Yahuza ya ƙara a manhajarsa ke nan, sunan mai kawo labari, ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin kowane saƙo.

Kuma kada a ce Yahuza wawa ne, yana da hujja. Ana tsakiyar girbi wani marar tsoron Allah ya danna cewa an tare hanyar gonakin wani ƙauye. Mutane suka zauna gida, shi kuwa da abokan ɓarnarsa suka shiga suka kwashe masarar bayin Allah hankali kwance. Tun daga nan aka daina yarda da manhajar, ranar da labarin gaskiya ya zo ma wasu suka yi tsaki suka fita. Dattawan Faskari suka ce ko dai kowa ya yi magana da sunansa ko a rufe abin baki ɗaya.

Yahuza ya ce ba ya neman ta rusa komai, ƙofa kawai za ta buɗe masa, wani ɗan maɓalli da zai kashe gwajin a nasa ɓangaren. Ta ce ƙofar da aka buɗe wa Faskari gobe Kankara za ta bi, jibi Sabuwa, don haka babu ƙofa. Ta ce ya ba ta lokaci ta haɗa alamar da za ta nuna cewa mai labarin amintacce ne ba tare da an san ko wane ne ba. Ya yi dariya, ya ce ya riga ya kai wa dattawa wannan shawarar.

"Kin san abin da suka ce mani? Alama ba ta jin kunya. Mutum ake so, wanda in ya yi ƙarya za a tare shi a ƙofar masallaci."

"In an tare shi a daji fa?"

Ya ce ita dai taurin kai ne da ita tun tana goyo. Ta ce ai gado ne, kuma daga ɓangaren kawu ta samo. Suka rabu ba daɗi.

Abin da bai faɗa ba, ita ma ba ta faɗa ba, shi ne duk ƙasar nan babu wanda ya kai mahaifinta kawo labari. Malam Gide gonarsa ce ta ƙarshe kafin daji, kuma da asuba yake fita. Rabin saƙonnin da ke ceton mutanen Damari daga hannunsa suke fitowa. In aka sa suna, nasa ne zai cika kowace waya da ke bin hanyar nan, kuma wayoyin nan ana ƙwace su kullum.

Yahuza bai tsaya ba. Rariya ba a kulle take ba, kowa na iya kwafa, sai ya kwafe ta ya goge gwajin ya ci gaba da harkarsa. Hatimin ne kaɗai ba shi da shi, don yana wurin Amatullah, kuma wayoyin mutane ba sa karɓar sabon ƙunshi sai da tsohon hatimi. Ya roƙa, ya aiko kawu ya roƙa, ta ƙeƙasa ƙasa ta ce a'a. Sai ya yi nasa sabo, ya sanar cewa kowa ya je wurin mai caji a goge masa tsohuwar manhaja a sa masa sabuwa. Ya kuma faɗaɗa ta ta haɗa har da hanyoyin Sabuwa. Salahuddeen ya kira ta yana ta kame-kame, wai shi ma ana matsa masa ya sa sunaye. Ta ce ya yi abin da zai iya kwana da shi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, aikin da ta ɓata shekaru tana gyarawa ga shi ana yanka shi a gabanta, amma ko ɗigo ba ta canza a nata ba.

Ana cikin haka mahaifiyarta, Inna Larai, ta kira ta ce Malam na nemanta.

Ta isa Damari da la'asar, jikinta duk ya mutu da ramukan hanya. Ta tarar da shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi maigidanta da makaranta. Sai ya laluba aljihu ya ciro wayarsa ya miƙo mata. Ya ce ya ji ɗan'uwanta ya yi wadda ake sa suna, ita yake so ta sa masa. Ya gaji da magana kamar ɓarawo a bayan danga. Shekarunsa sun wuce a ce yana faɗin gaskiya yana ɓuya, kuma tunda wani maƙaryaci ya ɓata abin, to bari mutane su ga Gide ne ya faɗa su yarda. Waɗancan na daji sun karɓe masa shanu, sun hana shi rabin gonarsa, ba za su hana shi sunan da ubansa ya raɗa masa ba.

Wallahi maganar ta shige ta. Da wani ne ya faɗa da ta ce ya burge ta. Ta dubi wayar a hannunsa, hannun nan da ya sha fartanya har ya yi kanta, sai ta mai da nata hannuwan bayanta.

"Baba, ka aike ni ko'ina zan tafi. Wannan ba ni iyawa."

Bai sauke hannun ba. Ya daɗe a haka yana kallonta, don tunda aka haife ta bai taɓa miƙa mata abu ta bar shi a miƙe ba. Ta gaya masa abin da ta gani a motar nan, ya ce ya sani, ai ya san dattijon, tare suka yi makarantar allo. Ta ce to ya tuna da Inna da ƙannenta. Ya ce da su yake kwana yake tashi, kuma don su ne yake so a riƙa yarda da labari. Duk abin da ta kawo yana da amsarsa, kuma amsar ba ta banza ba ce. A ƙarshe ya mai da wayar aljihu ya ce ba komai, ranar kasuwa zai shiga Sabuwa, Mamuda mai caji zai sa masa. Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba da aiki kamar ba ta wurin.

Ba ta koma Kankara ba. Ta kira makaranta ta nemi uzuri, ta kira maigidanta ta gaya masa komai, ya ce ta kula da kanta. Inna Larai ba ta ce mata ki yi ko ki bari ba, sai dai ranar kasuwa ta tashe ta da wuri ta ce motar farko ta zuwa Sabuwa ta kusa tashi.

Rumfar Mamuda tana bakin kasuwa, janareta na ta ƙugi, wayoyi jere a kan katako kamar an shanya kifi. Wurin maza ne, mace ba ta zama nan sai dai ta miƙa waya ta wuce. Amatullah ta yi sallama ta gyara hijabinta ta zauna a kan benci. Mamuda ya san ta, ai ita ta koya masa sauke ƙunshin tun farko. Ya ce Malama lafiya? Ta ce lafiya lau, jiran Baba take yi. Duk wanda ya zo a sa masa sabuwar manhaja sai ta gaya masa a fili abin da ke cikinta, wasu su fasa, wasu su ce a sa musu haka nan, ita kuwa ba ta hana kowa ba. Ana ta kallonta ana ƙus-ƙus, ta yi kamar ba da ita ake ba.

Da hantsi sai ga Malam Gide ya ratso taro, wayar tana hannunsa tun daga nesa. Ya gan ta ya ja ya tsaya. Ta sauko daga benci ta durƙusa a ƙasa, gaban kowa, ta gaishe shi. Bai amsa ba. Ya miƙa wa Mamuda wayar. Mamuda ya dubi uban, ya dubi ɗiyar da ke durƙushe a tsakaninsu, sai ya shiga goge hannu a riga yana cewa janareta na ba shi matsala. Kowa na jin janaretan yana aiki lafiya lau.

"Har nan?" in ji Malam Gide, murya ƙasa-ƙasa.

"Har nan, Baba. Da kowace ranar kasuwa."

Ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta san kuma ta kunyata shi a gaban sa'o'insa, abin da ba zai manta ba. Hawaye na zuba, amma ba ta matsa ba. Ya daɗe yana kallon kanta. Sannan ya zura wayar a aljihu, ya gyara hularsa.

"Faskari ma akwai kasuwa," ya ce.

"Na san hanya, Baba."

Ya juya ya shiga cikin mutane bai waiwayo ba. Ta bi bayan rigarsa da ido har ta ɓace wajen 'yan hatsi. Sannan ta tashi ta kakkaɓe gwiwoyinta, ta koma kan bencin ta zauna, don kasuwa ba ta tashi ba tukuna, kuma ta san halin ubanta, yana iya dawowa.