Muryar Usmanu a Kaset

"Kai ka danna, Mahmudu. Yatsanka ne, ba nawa ba."

"Ya Ummi, ke kika ce in danna."

A nan na shigo da ɗan kwanona, wai aron gishiri. Gishiri kuwa ina da shi cike da gwangwani. Katangar da ta raba ni da Ƙaltume a unguwar Harra ta Gabas, nan Madina, ba ta ɓoye ko tari, amma rabi-rabi nake ji, ni kuma ba na son rabin magana.

Ƙaltume wa guda gare ta a Damagaram, Usmanu. Rabonta da shi tun tana budurwa, da aka taho da ita Madina. Duk shekara yakan cika kaset da magana ya ba alhazai. Takan yi kwanaki tana saurara, sannan ɗanta Mahmudu ya kunna mata rikoda ta mayar da amsa a kan kaset ɗin nan dai, alhaji ya koma da shi. Haka duk muke yi, kaset ɗaya ke zirga-zirga har ya tsinke. Bana ma ran Litinin ta kirawo Mahmudu ta ɗora amsarta a kan muryar Usmanu, kaset bai kai ga tafiya ba. Ran Laraba wani ɗan garinsu ya iso a ayarin ƙarshe, ya ce Usmanu ya rasu.

"Kullum kana bi ta Anbariyya," in ji ta, "kantuna cike da sababbin kaset. Guda ɗaya ya gagare ka?"

"Na taɓa kawo miki sabo, kika ce almubazzaranci ne."

"To don na ce? Ni na je makaranta? Kai da ka san jan maɓallin nan cinye magana yake yi, sai ka biye wa tsohuwa?"

Ya amsa da Larabci, dogo, yana kallon silin. Yaran nan in magana ta yi zafi Hausarsu guduwa take yi.

Ta juyo gare ni. "Azumi, kina nan ran Litinin. Faɗi tsakaninki da Allah, alhakin wa ne?"

Ina nan kuwa, har na sa baki na gaida matar Usmanu da ban taɓa gani ba. Na ce, "Hajiya, ni gishiri ya kawo ni."

Ba wanda ya yi dariya. Ta miƙa hannu ta kunna. Sai muryarta ta cika ɗakin: "Yaya, ina gaisuwa, ya ƙafar taka? In an yi ruwa ka faɗa mini." Ta bar shi yana tafiya, tana jin kanta tana tambayar mamaci labarin gero. Can ƙarshe, inda amsarta ta ƙare, aka ji tarin Usmanu sau ɗaya da kukan akuya, kaset ya tsaya.

Mahmudu kaɗai ke leƙa ta, duk Juma'a daga unguwar Ƙuba. Na so in taɓa ta in ce ta bari haka. Kafin in motsa ta ce, "Da ɗan Usmanu ne, da bai yi wa uwarsa haka ba."

Ya tashi a hankali. Ya kai hannu kan rikodar, ya fasa ɗauka.

"Halas, shi ke nan, Ummi. Ki nemi ɗan Usmanu ya riƙa zuwa miki."

Ya sa takalmansa ya fita, ya bugo ƙofar ƙarfen har kwanon ya motsa a hannuna.